Rancen Karatu: A Yi Lissafi Kafin A Ɗauka

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san rancen taki. Mutum ya karɓa da bazara, ya biya da kaka daga abin da gona ta bayar. Akwai wani irin rance kuma wanda kakarsa takan yi nisa ƙwarai, wato rancen karatu. Tun da yake yaranmu da yawa suna marmarin ƙaro ilimi, har a ƙasashen waje, ya kamata mu dubi abin da ya faru a Amurka.

A shekarar 2024, mutane wajen miliyan 43 a Amurka gwamnatinsu take bi bashin karatu, jimlarsa kuwa ta wuce dala tiriliyan 1.6. Masu digiri na biyu da na uku su ne sukan ɗauki kaya mafi nauyi.

Yadda bashin yake girma

Daga 2006 gwamnatin Amurka ta buɗe wani rance da ya ba mai neman digiri na biyu ko na uku damar ranto dukan kuɗin makaranta da na zama. Daga 2012 kuma aka daina ɗauke wa irin waɗannan ɗalibai kuɗin ruwa a lokacin karatu. Wato tun yana aji ruwan yake taruwa.

Ga misali. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ruwan ya wuce kashi 8 cikin 100. In ɗalibi ya ranci dala 50,000, ruwan shekara guda dala 4,000 ne. In ya yi shekara 5 bai biya kome ba, bashin ya zama 70,000 tun bai karɓi albashin fari ba. Wanda kasuwancinsa ya karye yana iya zuwa kotu a yafe masa basusuka, amma dokar Amurka ta sa yafe bashin karatu yana da wuya ainun. A 2023 ma Kotun Ƙoli ta soke shirin Shugaba Biden na rage wa mutane bashin. A 2025 aka yi sabuwar doka wadda ta sa wa wannan rance iyaka.

Waɗanda abin ya fi shafa

Daga cikinsu akwai masu karatun tarihi, adabi, falsafa da harsuna. Wannan ilimi yana da daraja, gama daga cikinsa ake samun malamai da masu fassara. Amma digiri na uku a waɗannan fannoni yakan ci shekara 6 ko 7, ko fiye, aikin da yawancinsu suke sa rai kuwa koyarwa ne a jami'a. Bayan karyewar tattalin arziki ta 2008 guraben wannan aiki suka ragu ƙwarai. Jami'o'i da yawa suka koma ɗaukar malaman wucin gadi, ana biyansu bisa darasin da suka koyar, kamar 'yan ƙodago, ba tabbacin aiki baɗi. Likita ma yana cin bashi, amma albashinsa yana iya ɗaukarsa.

Abin da ya shafe mu

A Nijeriya an sa hannu a dokar rancen ɗalibai a Afrilun 2024, asusun da ake kira NELFUND yake gudanar da shi. Ba ruwa a kansa, biya kuma yana somawa shekara 2 bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wannan ya fi na Amurka sauƙi, duk da haka bashi ne. Ɗan ƙasar waje kuwa da ya je karatu Amurka ba ya samun rancen gwamnatinsu, sai na kamfanoni, waɗanda sau da yawa sukan nemi wanda zai tsaya masa.

Saboda haka in an kawo wa ƙungiyarku ta gama kai roƙon rance domin ƙarin karatu, ku zauna da yaron ku tambaye shi:

1. Shekara nawa karatun zai ci, nawa ne kuɗinsa duka?
2. Waɗanda suka gama shi bara da bara waccan, wane aiki suke yi, nawa ake biyansu?
3. Ya nemi tallafin makarantar? Jami'o'in Amurka da dama sukan yafe wa mai digiri na uku kuɗin makaranta, su ba shi na abinci in yana taya su koyarwa.
4. In aiki bai samu ba, wa zai biya?

Kada a jinginar da gona ko shanun huɗa saboda rancen da ba a san ranar biyansa ba. Yaron da ya fara kama aikin koyarwa yana tara kaɗan-kaɗan zai iya komawa karatu daga baya da kuɗinsa. Sakatarorin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro na gaba, a tattauna tare da iyaye da matasa.