Fitilun ƙari a kan motocin daji: hasken da ke ceton direba, ko ya ƙone masa mota

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Agadas da dare, ko ya tashi daga Damagaram ya nufi Tanut bayan isha'i, ya san abin. Can nesa sai ka hango wani farin haske kamar na masu walda ya cika hanya, ya rufe maka ido. Sai ya matso ka gane ashe Hilux ce ko Land Cruiser da aka jera wa fitilun ƙari a goshi ko bisa rufi.

Tun da aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten a shekarar 2014, zirga-zirgar motocin daji ta ƙaru a arewacin Nijar, kuma da yawa daga direbobin sun fi son tafiyar dare saboda zafin rana. Suna da hujjar neman ƙarin haske. Raƙumi kan tsaya tsakiyar kwalta, amalanke ba ta da fitilar baya, ga ramuka, ga rairayin da iska ke tarawa a kan hanya. Matsalar tana wajen yadda ake haɗa fitilun.

Hanya mafi sauƙi, wadda mai gaggawa kan bi, ita ce a feɗe wayar fitilar nesa, wadda direbobi ke kira far, a ɗaura mata wayar sabbin fitilun, a naɗe da salatif. Nan take za su kama, mai mota ya biya ya tafi yana murna. Lissafi ne ke nuna inda gizo ke saƙa. Ƙwan fitilar H4 da ke cikin yawancin waɗannan motoci yana cin wat 60 a far, wat 55 a kod, wato fitilar kusa. Ƙwai biyu a far wat 120 ke nan, kimanin amper 10 a motar da ke aiki da bolt 12. Da wannan nauyi kamfani ya auna kaurin waya da makunni da fuzibul. Idan aka ƙara fitilu biyu masu wat 100 kowace, an ɗora kusan amper 17 a kan goman farko.

In an yi sa'a, fuzibul ne zai tsinke, fitilun su mutu a tsakiyar gudu. In aka maye gurbinsa da wanda ya fi shi ƙarfi, ko da guntun waya kamar yadda wasu ke yi, to babu sauran mai tsaro. Wayar za ta yi zafi, robarta ta narke, ta taɓa ƙarfen mota. A motar da ke ɗauke da jarkokin mai da fasinjoji a baya, ɗaruruwan kilomita daga gari, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Maganin wani ɗan akwati ne da bai fi na ashana girma ba, ana kiransa rele. Aikinsa shi ne ya bar wayar far ta ba da umarni kawai, wutar da fitilun ke ci kuma ta fito kai tsaye daga batir ta sabuwar waya. Ƙafafunsa suna da lambobi. Ta 30 tana zuwa kan batir mai alamar +, tare da fuzibul da ake sawa dab da batir ɗin. Ta 87 tana zuwa fitilun. Ta 85 da ta 86 su ne na umarni, kuma abin da suke ja bai kai rabin amper ba, don haka wayar far ba ta ma jin nauyinsu. Ga fitilu masu wat 200 a jimilla, rele mai amper 30 ko 40, fuzibul mai amper 20, da waya mai kaurin milimita murabba'i 2.5 sun wadatar. Ana kuma sa makunni a kan wayar umarni, kusa da hannun direba, domin ya iya kunna far shi kaɗai ba tare da fitilun ƙari ba.

Akwai wani tarko da ya shafi Toyota musamman. A yawancin motoci, makunni yana aika wa fitila wutar + ne. A Hilux da Land Cruiser da dama, musamman tsofaffi, abin a juye yake: wutar + tana jira a kan ƙafar da far da kod suka yi tarayya a kai, makunni kuwa ɓangaren mas yake haɗawa, wato jikin mota. Wanda bai sani ba sai ya haɗa ƙafa ɗaya ta umarni da wayar far, ɗayar da jikin mota. Sakamakon shi ne fitilun ƙari su kama lokacin da direba ya sauko kod, su mutu idan ya koma far. Yana ganin ya rage wa mai zuwa haske, alhali ya ƙara makantar da shi. Gyaran shi ne a haɗa ƙafafun umarnin biyu tsakanin wayar tarayya da wayar far. Fitilar gwaji da minti biyar sun isa a gane wane tsari motar ke bi. Haka kuma a duba ƙarfin wutar motar, don manyan motoci da wasu Land Cruiser masu gazuwal suna aiki da bolt 24, kuma rele ko ƙwan bolt 12 ba zai jure ba.

Dogayen fitilun LED da suka cika kasuwa yanzu sun fi na da ƙarancin cin wuta, sai dai su ma suna buƙatar rele da fuzibul. Wurin da aka ɗora su ma yana da tasiri. A lokacin hunturu, ko a bayan motar da ta tayar da ƙura, fitilar da ke bisa rufi tana haska ƙurar da ke gaban gilashi, hasken ya dawo idon direba. Wadda ke ƙasa, daidai da fitilun mota, ta fi amfani a irin wannan yanayi.

Dalilin ɗaure fitilun ƙari da far ya wuce kare wayoyi. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta tanadi direba ya kashe fitilar nesa idan zai haɗu da wani abin hawa. Idan an yi haɗin daidai, taɓa makunni sau ɗaya ya kashe duka. Idan kuwa fitilun suna da makunninsu daban, sai direba ya laluba wuri biyu yana cikin gudu, kuma sau da yawa ana mantawa da na biyun. Ɗan kabu-kabu da mai keke da ke tahowa a hanyar Maraɗi zuwa Birnin Ƙonni su ne ke biyan kuɗin wannan mantuwa.

Ga ƴan ci-rani da ke aiko wa ƙanne mota ko fitilu daga Libiya, Aljeriya ko Kwatano, yana da kyau a haɗo da rele da fuzibul da waya mai kauri a cikin kwalin. Idan an gama aiki, kafin a biya mai gyaran wuta, a buɗe gaban motar a nemi ya nuna inda fuzibul yake, sannan a tsaya gaban motar wani ya sauko daga far zuwa kod, a ga ko fitilun ƙarin sun mutu tare.