Kaurin baƙin mai da sharaɗin garanti a Madawa, Buza da Keita

Duk wanda ya zauna a garejin Madawa, bakin babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni ta nufi Maraɗi, ya san hukuncin da makanikai suka yi ittifaƙi a kansa tun da daɗewa, wato ƙasar zafi sai mai kauri, kuma har yau za ka ga makanike ya ɗiga mai a ɗan yatsa, ya murza, ya ce wannan ruwa ne, a kawo 20W-50. Hukuncin yana da asali, domin a zamanin Peugeot 504 da tsofaffin Land Cruiser, irin waɗanda suka yi ta hawan duwatsun Adar bayan an buɗe aikin raya karkara na Keita a 1984, injuna suna da yalwar tsakani a ƙarafansu, ga kuma tsufa, mai kauri kuwa yana cike gibin, ya rage hayaƙi da ƙara.

Amma ƙiyasi ba ya inganta idan illar hukunci ta gushe. Injunan yau an matse su ƙwarai, hanyoyin mai a cikinsu sirara ne, har akwai waɗanda ƙarfin man ne ke sarrafa lokacin buɗewar bawul, saboda haka idan aka ɗura musu abin da ya fi ƙarfinsu, man yakan yi jinkirin kaiwa sama da asubar hunturu, alhali a wannan ɗan lokaci ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. A sunan mai irin 20W-50, lambar farko, mai harafin W, tana nuna gudun mai cikin sanyi, ta biyu kuwa kaurinsa a digiri 100, kuma inji mai lafiya yana aiki kusa da digiri 90 ko da bazara ta haura 40.

Batun garanti ya fi shafar ƙalilan, domin akasarin motocin yankin na hannu ne, waɗanda suka sauka a tashar Kwatano ko Lome ba da wani alkawari ba. Sai dai masu sabuwar Hilux daga wakilin Toyota a Yamai, ƴan kasuwar albasa da ƙungiyoyin agaji, galibi suna riƙe da lamunin shekara 3 ko kilomita 100,000, kuma lamuni ne bisa sharaɗi: a zuba man da littafin mota ya ayyana, a yi juye kan lokaci, a ajiye shaida. Nisan Yamai kan sa direba ya yi juye a Buza, da man da aka auno masa a kwalba, ba suna ba rasiti, ranar da inji ya buga kuwa kamfani zai nemi hujja, babu. Malamanmu na fiƙihu sun tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da haja saboda aibi, amma aibin da ya riga ciniki, ban da wanda ya auku a hannunsa.

A ganina, abin tsoro na haƙiƙa a hanyoyin jan ƙasa na Adar shi ne ƙura da algus, kuma abin takaici ne a ga talaka ya tara dukiyarsa ya sayi mota, gurɓataccen mai ya kashe masa ita. Ya kai mai mota, buɗe littafinka ka duba jadawalin zafi, domin wasu injunan gazuwal an halatta musu 15W-40, wasu na fetur sai 5W-30. Ka sayi galan mai hatimi, ka gaggauta juye da canjin matata lokacin ƙura, kuma ka karɓi rasiti kowane karo.