Kafin a yar da hob ɗin tsohon Rali: inda ake samo zanen cikinsa

A makon jiya wani dattijo daga wani ƙauye kusa da Mallawa ya kira mu a shirin safe. Ralin da ya gada wajen mahaifinsa ne ya fara yi masa wasa: yana cikin tuƙi da buhun gero a baya, sai feda ta zarce kamar an cire sarƙa, saura kaɗan ya sha ƙasa. Mai gyara ya ce a kwance ƙafar baya, a cire hob ɗin giya, a sa mai gudu ɗaya irin na Phoenix. Ya ce da mu, shin babu wata dabara? Akwai, kuma da takarda ɗaya take farawa.

Giyar nan dai (ta keke nake nufi, kada malamai su kira ni) a ɓoye take cikin cibiyar ƙafar baya, shi ya sa rairayinmu bai cika cinta ba. Yawancin tsofaffin Rali na kamfanin Sturmey-Archer suke ɗauke da shi, wanda aka kafa a Nottingham ta Ingila a 1902. Wanda ya fi yawa shi ne samfurin AW mai giya uku, da ya fito a 1936. A cikinsa akwai haƙori ɗaya a jikin sandar tsakiya, ƙanana huɗu suna kewaya shi, sai babban zobe ya rufe su. Giya ta biyu ita ce daidai wa daida. Ta ɗaya tana rage kashi ɗaya cikin huɗu don yashi da kaya, ta uku tana ƙara kashi ɗaya cikin uku don fili.

Ni ban ga laifin masu gyaranmu ba. Wanda ya buɗe hob ɗin nan zai tarar da wasu ƴan wayoyi sirara kamar gashi, da ƴan ƙarafa masu kamawa waɗanda in an juya ɗaya baibai, shi ke nan. Mutum bai taɓa ganin yadda aka jera su ba, ga mai keke tsaye a kansa, dole ya ce a canza. To amma kamfanonin sun zana komai: hoto ne da aka warwatsa kayan ciki a jere, kowane da lambarsa, daga na farko har na ƙarshe. Ko wanda bai yi lakol ba zai iya binsa da ido.

Abin farko, a goge jikin hob da tsumma da ɗan kananzir. Za a ga suna, da haruffa kamar AW, da lambobi. In an ga 63 da 8, an ƙera shi a watan Agusta na 1963 ke nan. Ba duka ne na Ingila ba. Kekunan gwanjo na Turai sukan zo da Torpedo ko Sachs na Jamus, na Japan kuma da Shimano, tsohon 333 ko Nexus mai lamba irin SG-3R40. Kayan wannan ba sa shiga wancan, don haka kada a nemi zane da ka.

Nan ne aikinku ya zo, ƴan uwa da ke Damagaram, Yamai, Kano, Legas ko Aljeriya, inda intanet ya fi namu ƙarfi. In an turo muku hoton rubutun, ku rubuta sunan da lambar a Google, ku ƙara "vue éclatée" da Faransanci ko "exploded view" da Ingilishi. Sturmey-Archer ya koma hannun SunRace na Taiwan a 2000, amma akwai shafin tarihinsa, Sturmey-Archer Heritage, da ke ajiye da tsofaffin littattafan gyara. Shafin Sheldon Brown, wani mai gyaran keke na Amurka da ya rasu a 2008, har yanzu yana nan, kuma kyauta ne. Shimano ma yana da shafin takardunsa. Don Allah ku turo shi ta WhatsApp a matsayin takarda, domin in an turo shi kamar hoton biki, ƙananan lambobin dushewa suke. Wanda zai shiga Dungas ko Magarya sai ya bugo shi a babbar takarda, a bai wa mai gyara ya ajiye, ya amfani gari duka.

Zane dai ba ya haifar da kayan gyara. Sai dai an yi shekaru da dama ana ƙera AW kusan iri ɗaya, saboda haka mataccen hob yakan ta da wani. Kada ku sayar wa ƴan gwangwan da shi a kan kilo.

Shi kuwa dattijonmu, ina kyautata zaton ba sai an buɗe komai ba. AW yana da wani gurbi tsakanin giya ta biyu da ta uku inda feda ke juyawa a banza, kuma in wayar giya ta saki, nan take faɗawa. A sa giya a lamba 2, a leƙa ta ramin notin dama inda ƴar sarƙar nan ke fitowa, a daidaita waya har kafaɗar ɗan sandan ta zo daidai da bakin sandar tsakiya. Sannan a ɗiga man inji marar kauri ta ƴar ƙofar da ke jikin hob. Ban da man gyaɗa, daskarewa yake ya liƙe kayan ciki. Baba, in an gwada, a kira mu ranar Asabar mu ji yadda aka ƙare.