Kunna, tsaya, na gama: harshen da mutum-mutumin masana'anta yake ji

A gidajen da aka haƙa bohol a Yendi ko Bawku, akwai wata 'yar ƙwarya ta roba da ke rataye cikin tankin ruwa. Ruwa ya yi ƙasa, ta sunkuya, famfo ya tashi. Tanki ya cika, ta ɗago, famfo ya tsaya. Ba wanda ya taɓa makunni. Duk yaron da ya iya haɗa wannan waya, ko ya sani ko bai sani ba, ya riga ya fara karatun da ake sarrafa mutum-mutumin masana'anta da shi.

Mutum-mutumin da ake magana a kai ba irin na fim ba ne mai kai da ƙafafu. Hannu ne na ƙarfe, galibi mai gaɓoɓi 6, a kafe wuri ɗaya, yana walda ko fenti ko jera buhuna. Na farkonsu, Unimate, ya fara aiki a 1961 a kamfanin motoci na General Motors da ke New Jersey a Amurka, yana ɗaukar ƙarfe mai zafi da ke ƙona ma'aikata.

Saƙo yake jira

Duk ƙarfinsa, wannan hannu bai san abin da ke faruwa a gefensa ba sai an gaya masa. Da wayoyi ake gaya masa, kuma iri biyu ne: masu shigo da saƙo da masu fitar da saƙo. Kowace waya kalma biyu kawai ta sani. In akwai wutar bolt 24 a kanta, ta ce "e". In babu, ta ce "a'a".

Mai ba da umarnin wata ƙaramar kwamfuta ce da ake kira PLC, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1960. Tsofaffin Salaga sun san yadda ayarin goro yake tashi daga Gwanja: komai yawan jakuna, ba mai motsi sai madugu ya ce a tashi, shi kuma ba ya faɗa sai ya tabbata an gama ɗaure kaya. To, PLC ita ce madugun masana'anta.

A ɗauki wurin da ake jera buhunan shinkafa. Buhu ya iso ƙarshen bel, idon lantarki ya gan shi, ya sanar da PLC. Ita kuma ta tambayi hannun ko a shirye yake. Ya amsa ta wayar fita cewa e. Ta aiko masa da lambar aikin da zai yi, ya maimaita mata lambar don kada a sami kuskure, sannan ta ba shi saƙon farawa. Ya ɗauki buhu, ya ajiye, ya koma mazauninsa, ya ce na gama. Sai a lokacin bel zai sake motsi. In saƙo ɗaya ya ɓace, aiki ya tsaya cak, ko da babu abin da ya lalace a jikin injin.

Shiru ma magana ne

Ranar 25 ga Janairun 1979, hannun wata na'ura ya kashe wani ma'aikaci mai suna Robert Williams a masana'antar Ford da ke Flat Rock a jihar Michigan. Na'urar ba ta san akwai mutum a wurin ba, don ba abin da ya gaya mata.

Shi ya sa yau ake haɗa wayoyin tsaro a juye. Jan maɓallin gaggawa da ƙofar kejin da ke kewaye da hannun kullum suna aika saƙon "lafiya lau", kuma ta layi biyu. Da an buɗe ƙofa, ko ɓera ya ci waya, saƙon ya yanke, hannun ya tsaya nan take. A nan ne al'adar wasu masu gyaran wutarmu take da haɗari, wato a ɗaure waya a tsallake makunnin da ke damun mutum "don aiki ya tafi". A fanka ko firij, asarar kuɗi ce. A kejin mutum-mutumi, rai ne.

Ina mu a ciki?

Volkswagen ya fara haɗa motoci a Ankara a 2020, Toyota a Tema a 2021. Can kudu ke nan. Amma arewa ma tana da masana'antar siminti a Buipe da ta shinkafa a Nyankpala. Ba kowace masana'anta ke da hannun ƙarfe ba, sai dai harshen ɗaya ne. Injin ɗura piya wata, da na'urar da ke tayar da janareta in NEDCo ta ɗauke wuta, duk da saƙon shiga da na fita suke aiki. In irin waɗannan suka tsaya, sau da yawa sai an kira wani daga Kumasi ko Tema, a biya masa mota da masauki, abin da ya zo gyarawa kuwa wataƙila waya ɗaya ce ta kwance.

Ilimin ba na Turawa kaɗai ba ne. Dokta Ashitey Trebi-Ollennu, ɗan Gana da ke aiki a hukumar NASA, shi ya jagoranci aikin hannun kumbon InSight da ya sauka a duniyar Mars a Nuwamban 2018. Shi ne kuma ya kafa gidauniyar koya wa ɗaliban Gana haɗa mutum-mutumi a 2011. A 2019 'yan matan makarantar Methodist ta Mamfe suka ciwo gasar duniya ta Robofest a Amurka.

Ƙofofin ma ba su yi nisa ba. Akwai Bawku Technical Institute, akwai Dabokpa a Tamale, ga jami'o'in fasaha na Tamale da Bolgatanga, kuma karatun sakandare kyauta ya haɗa da makarantun sana'a na gwamnati. Abin da yaron zango da ke wurin masta yake buƙata a kan abin da hannunsa ya riga ya iya shi ne karanta zanen wayoyi, aiki da mita, da rubuta wa PLC umarni.

Masu gida da iyaye, a bar yaro ya haɗa shago da aji, yarinya ma haka. Ranar da masana'antar doya ko man kaɗanya za ta buɗe a Salaga ko Yendi, za ta nemi masu dako, za ta kuma nemi mai buɗe akwatin wuta. Wanda ɗanmu zai zama a cikinsu, tun yanzu ake yanke shi.