Ramin Gindin Katanga: Gaskiya da Ƙarya kan Gafiya, Jaɓa da Ɓera

Da zarar an gama kaka a Rawayau, an cusa damman gero da dawa a rumbu, an jibge buhunan gyaɗa da wake a ɗaki, sai baƙin dare su fara shigowa gari. Gona ta zama fili, shanu sun bi kara sun tattake, wani wurin an cinna wa ciyawa wuta, to duk abin da ke fakewa a kunya da gindin sabara dole ya nemi inda abinci ya koma. Da safe uwargida ta fito shara ta tarar da tulin sabuwar ƙasa a gindin katanga, da rami wanda dunƙulen hannu zai shiga. Kafin azahar magana ta kai majalisa, kowa da irin fatawarsa.

Wadda ta fi shan zargi ita ce gafiya. Wasu na cewa ba ta shiga gida haka kawai, sai an turo ta, hujjarsu kuwa ita ce takan ɗauke zobe ko cokali ko ɗankunnen matar gida, alhali ba cin su take yi ba. Ɗaukar kayan gaskiya ce. Gafiya na da jaka a kumatu biyu, tana cika su da gyaɗa ko ƙwallon dabino ta kai rami ta adana, shi ya sa ma ake mata kirari da ta tsira da na bakinta. A cikin wannan kwashe-kwashen takan haɗa da abin da ba ya ciwuwa, kuma wanda ya taɓa tone raminta ya san irin tarkacen da ake samu. Amma ba boka ne ya aiko ta ba, ƙanshin rumbu ne. Hancinta ya kai inda wata ƙungiya mai suna APOPO ke horar da 'yan uwanta a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, suna shinshino nakiyar da aka binne a ƙasa da cutar tarin fuka a majinar marasa lafiya. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, har lambar yabo ta zinariya aka ba shi a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya. Dabbar da ke jin nakiya a ƙarƙashin ƙasa, buhun gyaɗa a bayan ƙyaure ba zai ɓace mata ba.

Ɓarnarta ta zahiri ta isa a kore ta ba sai an haɗa da asiri ba. Babba takan kai kilo ɗaya har ɗaya da rabi, raminta dogo ne mai rassa, kuma idan ya bi ƙarƙashin ginin ƙasa, ruwan damina zai bi shi ya jiƙa tushe. Katangu da yawa da ake cewa ruwan Agusta ya kayar, gafiya ce ta fara aikin tun da rani. Samarin da ke farautarta su gasa kuma su sani cewa fiɗar naman daji da hannu tsirara ba wasa ba ne: ƙyandar biri da ta ɓulla a Amurka a 2003 an bi sawunta har zuwa wasu dabbobi, ciki har da gafiya, da aka kai can daga Gana.

Jaɓa kuwa zaluntarta ake yi. Wari gare ta, da tsinin baki, da wannan tsuwwar mai ban haushi, don haka aka yanke mata hukuncin cewa ita ce mafi mugunta. Ba ma dangin ɓera ba ce. Kyankyasai take ci da gyare da sauran ƙwari, ba rumbu ne ya kawo ta ba. Warin daga wasu 'yan ƙulluwa ne a gefen jikinta, kuma shi ne dalilin da mage kan kashe ta ta bar ta nan ba ta ci ba, mutane su ga gawar a kan hanya su ce ai jaɓa ba ta tsallake turba ta rayu. In ta yi cizo a wanke da ruwa da sabulu a nuna wa ma'aikacin lafiya, kamar cizon kowace dabba. In ta yawaita a ɗaki, to ƙwari ne suka yawaita.

Wanda ba a ɗauka a bakin komai ba, wannan ɗan ƙaramin ɓeran mai laushin gashi da ke kai-komo tsakanin gona da ɗaki, shi ne abin tsoro. Akwai irinsa da macen ke da nonuwa jere, har ashirin ko fiye, tana haihuwar goma ko sama da haka a ciki ɗaya, cikin kuma bai wuce mako uku da 'yan kwanaki ba. Shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Shi ɓeran ba ya ciwo, yana dai zubar da ƙwayar a fitsarinsa da kashinsa. Saboda haka zancen cewa sai ya cije ka za ka kamu ƙarya ce. Ya isa ya bi ta kan garin tuwon da aka bari a buɗe, ko ya yi fitsari a kan hatsin da aka shanya a bakin titi, ko a share busasshen kashinsa ƙura ta tashi a shaƙa.

Masu cewa ai cutar Kudu ce suna da rabin gaskiya. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC sun sha nuna Ondo da Edo a gaba, amma Bauchi da Taraba na nan tare da su kusan kowace shekara, kuma a Janairun 2020 Kano ta rasa likitoci biyu a dalilinta. Lokacinta ma ya zo daidai da lokacin shigowar ɓera gida, wato daga Disamba zuwa wajen Afrilu. Ba kowane ɓera ke ɗauke da ita ba, kuma kusan mutum takwas cikin goma da suka kamu ba sa jin jiki sosai. Sauran biyun ne abin ji, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai masu rasa jin kunne. Da ido ba ka rarrabe ɓera mai cuta da marar cuta.

Sai batun guba, inda ƙarya ta fi yawa kuma ta fi tsada. Mai tallar shinkafar ɓera a kasuwar Dutsin-Ma zai rantse maka cewa wanda ya ci zai fita neman ruwa ya mutu a waje, ko ya bushe ƙamas ba wari. Babu gubar da ke yin haka. Inda ciwo ya kama shi nan yake mutuwa, sau da yawa cikin rami ko saman rufi, kuma gawar gafiya a ƙarƙashin daɓe takan hana mutane ɗaki kwana da kwanaki. Guba mai kisa nan take ma tana da wata illa: ɓera ɗanɗano yake fara yi, in ya ji ciwo bai mutu ba ya daina kusantar wannan abincin. Mai aiki a hankali, wadda ke hana jini daskarewa, ta fi kama su, amma sai ta ɗauki kwanaki. Dukansu biyun ba su san bambancin ɓera da kaza ko akuya ko yaro mai rarrafe ba, kuma magen da ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma ta sha.

Mafi haɗari shi ne ƙwayar nan ta feshin hatsi da ake kira bam, wadda wasu ke jefawa a rami su toshe. Da ta ji danshi sai ta saki iska mai kisa, iskar kuma ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. Rami mai rassa zai kai ta ɗakin da yara ke barci. Fiya-fiya ma maganin ƙwari ne na gona, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin su Sniper barkatai a kasuwa.

Turara rami da hayaƙin barkono yana fito da gafiya, wannan ba musu, amma a hunturu, ga zana ga kara a jingine, gobara ake gayyata. Masu zuba wa ɓera fetur su kunna masa wuta su tuna addini ya halatta kashe shi, bai halatta azabtarwa da wuta ba, ga shi kuma da gudu zai faɗa cikin danga. Ɗura ruwa a ramin gindin gini taimaka wa damina ne. Zura hannu kuwa kada a fara, don tsohon ramin gafiya masauki ne na maciji. Mage tana rage ƙananan ɓeraye, amma ban ga wadda za ta tari ƙatuwar gafiya gaba da gaba ba.

Abin da ke aiki ba shi da ban mamaki, shi ya sa ba a tallarsa. Da magariba a barbaɗa toka a bakin ramin. Da safe sawu zai faɗi mai gidan: yatsun gafiya manya da jan wutsiya, na ɓera ƙanana kamar an ɗiga, na maciji layi guda. A ɗana tarko a jikin bango, don nan suke bi ba tsakar ɗaki ba, a sa masa ƙuliƙuli ko busasshen kifi, gara ma a bar shi kwana biyu ba a ɗana ba har su saba. Sai toka ta kwana biyu ko uku ba sawu sannan a toshe, da tsakuwa da fasasshiyar kwalba da siminti, don laka zalla a dare ɗaya ake tone ta. A duba ƙasan ƙyaure da magudanar ruwa, domin kafar da ɗan yatsa ya shiga ƙaramin ɓera zai bi. Buhu a ɗora shi kan katako nesa da bango, gari da sauran tuwo a rufe, juji a matsar da shi daga katanga. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kuma aikin unguwa ne. A ƙauyukan Faranah na ƙasar Gini masu bincike sun yi ta sa guba gida-gida, ɓeraye suka ragu ƙwarai, bayan 'yan watanni suka dawo, tunda daji da maƙwabta na nan cike.

Gawar da tarko ya kama a ɗauke ta da shebur ko hannu cikin leda, a binne da zurfi, kada a ba yara su ja ta da igiya. Kashin ɓera a yayyafa masa ruwa mai bilic kafin a share. Wanda kuma zazzaɓi ya kama a wannan lokaci, ya sha maganin cizon sauro bai sauka ba, musamman in da ciwon maƙogwaro ko amai, a wuce kemis a kai shi asibitin Kurfi ko Dutsin-Ma, a kuma gaya wa likita cewa akwai ɓera a gidan. Maganin Lassa ya fi aiki idan an fara shi a makon farko.