Abin da Yumɓu da Tsohon Kwano Ke Faɗa



Wata uwa ce ta aiko mana da wasiƙa cikin damuwa. Ta ce 'yarta tana karatun zane-zane da ƙere-ƙere a jami'a, amma kullum sai ta dawo gida hannu duk laka, ga buhun tsofaffin kwanoni da guntayen waya. Ta ce, "Shin wannan karatu ne ko wasan yara? Kuɗin da muke kashewa ba asara ba ce?" To Hajiya, ki ba ni aron kunnenki, domin na je na ga aikin yarinyar da idona.

Da farko, mene ne bambancin wannan aiki da zanen takarda? Zane yana da tsawo da faɗi ne kawai, ta gaba ake kallonsa. Shi kuwa abin da aka ƙera yana da tsawo da faɗi da kauri. Kina iya zagaya shi, ki taɓa shi, kowane gefe da abin da zai nuna miki. Hanyoyin yinsa huɗu ne: a gina da yumɓu, a sassaƙa itace ko dutse, a zuba siminti ko narkakkiyar tagulla a cikin mazubi, ko a harhaɗa tarkace da waya ko walda. Ɗalibi yakan fara da zane a takarda, ya yi ƙaramin samfuri, sannan ya kafa ƙashin aikin da rodi. In yumɓu ne mai kauri, sai an rarake cikinsa ya bushe sarai, in ba haka ba ya fashe a wuta.

Ayyuka uku yarinyar ta nuna mini. Na farko, tsofaffin kwanonin samira ne ta jera ɗaya kan ɗaya har suka fi ni tsayi, jerin ya karkace kamar zai rushe, a ƙasa kuma ƙaramin kwano ɗaya ne ya ɗauki nauyin duka. Ta ce mini wannan kayan ɗaki ne, ƙaramin kwanon kuma mahaifin amarya ne da bashi ya danne. Na biyu, gammo ne, amma na siminti. Gammo dai tsumma ne mai laushi da ake sa wa kai don a rage zafin kaya. Ita sai ta mai da shi dutse, don ta nuna yarinyar da aka ɗora wa talla maimakon a sa ta makaranta: abin da ya kamata ya sauƙaƙa mata shi ya zame mata nauyi. Na uku, tukunya ce da ta fasa da gangan, ta ɗinke ta da jar waya, ba ta ɓoye tsagar ba. Ta ce bazawara ce. Ta fashe, amma ta sake tsayawa da gindinta.

Kun ga ke nan ma'ana ba a siffa kaɗai take ba. In kin tsaya gaban irin wannan aiki, ki tambayi kanki abu uku: da me aka yi shi, yaya girmansa da tsayuwarsa, kuma me aka bari ba a sa ba?

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Mutanen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, sun gasa siffofin yumɓu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ladi Kwali, Bagwariya maginiyar tukwane, a gida ta koyi ginin tukunya, ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. A Zariya ɗin dai, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suna cewa a haɗa ilimin Turawa da fasahar gida. Wanda ya shiga jami'ar a Samaru zai ga lambun da aka jera ayyukan ɗalibai.

Na san akwai abin da ke ran da yawa daga cikinmu, wato maganar mutum-mutumi. Malamai sun yi gargaɗi mai ƙarfi a kan ƙera surar mai rai, kuma wannan magana ce da za a kai gare su. Sai dai ku lura, a cikin ayyukan nan uku babu fuska, babu surar mutum ko dabba. Kwano ne da gammo da tukunya, amma sun faɗi abin da mu kan kwana muna tattaunawa a gidajen biki.

Saboda haka Hajiya, idan ta dawo da buhunta, kada ki ce a zubar. Ki zaunar da ita ki ce, "'Yata, me wannan yake nufi?" Wataƙila abin da ta kasa faɗa miki da baki ne ta gina da hannu.

Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.