Gem ɗin Hannu a Gaban Masu Sharhi: Daga Game Boy Zuwa Switch

A ƙarshen shekarar 1997, wata mujallar wasannin bidiyo ta Amurka mai suna Electronic Gaming Monthly ta zaunar da editocinta huɗu, ta ce kowa ya auna Game Boy ya ba ta maki daga cikin goma. Ɗaya ya ba ta 7.5, ɗaya 7, ɗaya 8. Na huɗun ya murtuke fuska ya ba ta 2. Hujjarsa ita ce allonta ba shi da kala, kuma da zarar abu ya yi gudu a kansa sai hoton ya dusashe. Sauran ukun ma ba makafi ba ne, sun ga wannan aibin. Abin da ya rinjaye su shi ne batirinta yana jimawa, wasanninta suna da yawa, sabon samfurinta kuma yana shiga aljihu ya zauna daram.

Na'ura ɗaya, ofis ɗaya, amma tazarar maki shida tsakanin mutum biyu. Irin wannan saɓani ne ya yi ta bin gem ɗin hannu sama da shekara talatin.

Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi a shekarun 1990 zai iya tuna wata 'yar na'urar roba da ake kira Brick Game, wadda ake jera bulo a cikinta tana ƙara ƙit-ƙit, an rubuta mata wasa 9999 a jiki alhali ba su wuce 'yan kaɗan ba. Kwaikwayo ce mai araha ta wasan Tetris. Ta gasken, wadda ta buɗe wa na'urorin hannu kasuwar duniya, ita ce Game Boy ta kamfanin Nintendo na Japan, wadda ta fito ranar 21 ga Afrilu, 1989. Injiniyan da ya jagoranci sashen da ya ƙera ta, Gunpei Yokoi, yana da ra'ayin cewa gara a ɗauki tsohuwar fasaha mai araha wadda aka san halinta, a yi mata sabuwar dabara, da a bi sabuwa mai tsada. Don haka allon Game Boy ya zo kore-kore, ba fitila a ciki. Tun kafin ta fita waje, wasu ma'aikatan Nintendo da kansu sun laƙaba mata sunan tsiya da ke nufin gem marar amfani.

Abokan hamayya ba su ɓata lokaci ba. Atari ta fito da Lynx a 1989, Sega ta biyo da Game Gear a 1990, dukkansu da allo mai kala da haske. Duk wanda ya jera su a kan tebur zai ce Game Boy ta shiga uku. Sai dai Game Gear tana shan ƙananan batura shida, ta zuƙe su cikin awa uku zuwa biyar. Game Boy huɗu take ɗauka, kuma takan kai awa goma sha biyar ko fiye. Mai sharhin da ke zaune a ofis, kamfani ke saya masa batir, wannan ba damuwarsa ba ce. Uban da ke cire kuɗi daga aljihunsa duk mako ya san bambancin. Ba giringirin ba, ta yi mai: Game Gear ta tsaya a kusan miliyan 11, Game Boy da ƙanwarta mai kala suka haura miliyan 118.

Tetris ce ta yi mata rabin aikin. Wani masanin kwamfuta a Mosko, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiro ta a tsakiyar shekarun 1980, zamanin Tarayyar Sobiyet. A 1989 wani ɗan kasuwa, Henk Rogers, ya je Mosko da kansa ya samo izinin sa ta a na'urar hannu, ya kuma shawo kan Nintendo ta haɗa ta cikin kwalin Game Boy, bisa hujjar cewa wasan Mario yara zai jawo, Tetris kuwa kowa da kowa. An sayar da kusan kwafi miliyan 35. Babu labari a cikinta, babu jarumi. Amma mutum zai iya buga ta minti biyar a tashar mota, motar ta cika ya kashe ya sa aljihu, bai rasa komai ba. Ma'aunin da ake auna manyan wasannin talabijin da shi, wato kyan hoto da tsawon labari, ba ya iya kama wannan darajar.

Yana da kyau a san yadda ake ba da makin nan. A Japan, mujallar Famitsu takan ba mutum huɗu wasa ɗaya, kowa ya ba da maki daga cikin goma, a tara ya zama daga cikin arba'in. A intanet kuma akwai shafin Metacritic, wanda ya fara aiki a 2001, yana tattara makin jaridu da mujallu da yawa ya fitar da lamba guda daga cikin ɗari. Wannan lambar ta yi ƙarfin da har wasu kamfanoni kan ɗaura ladan ma'aikatansu a kanta.

To, a watan Fabrairun 1996 aka kawo wa Famitsu wani wasa na wani ƙaramin kamfani mai suna Game Freak, wanda Satoshi Tajiri da abokansa suka shafe shekara shida suna fama da shi. Game Boy ta tsufa a lokacin, hankalin kowa yana kan PlayStation. Sunan wasan Pokémon. Maki 29 cikin 40 ya samu, wato dai ba yabo ba fallasa.

Abin da ya ɗaga Pokémon ba ya bayyana ga mutum ɗaya da ke wasa shi kaɗai. An fitar da shi kaset biyu, ja da kore, kuma akwai halittun da ke cikin wannan babu su a wancan. Yaron da ke son ya cika tarinsa dole ya nemo aboki, su haɗa na'urorinsu da waya, su yi musaya. Wasan ya fita daga allo ya koma filin makaranta, ana ciniki, ana gardama, ana raɗe-raɗin wata ɓoyayyiyar halitta ta 151 mai suna Mew. Kasetocin farko sun haura miliyan 31. Suka ta zo masa daga wata kusurwa daban: a 2001 majalisar malamai a Saudiyya ta ba da fatawar haramta Pokémon, musamman katunansa, tana kafa hujja da kamanninsa da caca da kuma batun rikiɗar halittu da ke cikinsa. Wannan hukunci ne na iyaye da malamai, wanda ma'auninsa tarbiyya ce, kuma makin mujalla ba ya amsa shi.

Kada a ɗauka masu sharhi kullum a kan kuskure suke. Inda suka fi amfani shi ne wajen faɗin abin da talla ba za ta faɗa ba. Da Game Boy Advance ta fito a 2001, allonta mai kala ne amma ba fitila. Wasan Castlevania: Circle of the Moon ya sha yabo, tare da ƙorafi guda da kusan kowa ya yi: ya yi duhun da sai mutum ya matsa gindin fitila yana karkata na'urar kafin ya ga abin da ke tafe masa. Ƙorafin ya yi yawa har mutane suka fara farke na'urarsu suna sa mata fitila da kansu. A 2003 Nintendo ta fito da samfurin SP mai haske a ciki da batirin da ake cajinsa.

Haka Nokia, da kowa ya san ta da wayoyi masu ƙarko, ta sha da ƙyar a hannunsu. A Oktoban 2003 ta fito da N-Gage, waya haɗe da gem. In za ka sauya wasa, sai ka buɗe bayanta, ka cire batir, ka sa katin, ka mayar, ka sake kunnawa. In za ka amsa kira, sai ka kara gefenta a kunne, faɗinta na kallon titi. Masu sharhi sun yi mata kaca-kaca, kuma sun yi daidai. Shekara na zagayowa Nokia ta gyara aibin biyu a samfurin QD, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Zamanin Nintendo DS, mai allo biyu da ɗan sandan taɓawa, ya zo da darasi iri biyu. A 2005 Famitsu ta ba Nintendogs, wasan kiwon ɗan kwikwiyo, cikakken maki 40 cikin 40, darajar da a lokacin wasanni ƙalilan suka taɓa samu, na farkonsu The Legend of Zelda: Ocarina of Time a 1998. Gogaggun 'yan gem sun yi ta guna-guni cewa ai wannan ba wasa ba ne. Ya sayar da kusan miliyan 24. A ɗaya gefen, Grand Theft Auto: Chinatown Wars ya fito a Maris 2009 ya samu 93 a Metacritic, makin da babu wasan DS da ya wuce shi. A makonni biyun farko a Amurka kwafi 89,000 kacal aka saya. Wasan manya ne mai cike da ta'addancin 'yan daba da safarar ƙwaya, yawancin masu riƙe da DS kuwa yara ne da iyayensu. Yabon gaskiya ne, sai dai mai yabon da mai sayen ba mutum ɗaya ba ne.

Akwai kuma tambayar da mai sharhin gem ba shi da ilimin amsa ta. Brain Age, wanda aka gina kan aikin Farfesa Ryuta Kawashima na Jami'ar Tohoku, ya sayar da kusan miliyan 19 da sunan wasa ƙwaƙwalwa ta hanyar lissafi da karatu. A 2010 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken da Adrian Owen ya jagoranta tare da BBC, inda mutum 11,430 suka yi mako shida suna atisaye makamantan waɗannan a intanet. Sun ƙware a kan abin da suka maimaita, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa sauran ayyukan tunani ba.

Mafi ban takaici shi ne yadda lamba ke cinye bayani. A 2014 shafin IGN ya ba Pokémon Omega Ruby da Alpha Sapphire maki 7.8, kuma cikin taƙaitattun aibobin da aka jera a ƙarshe har da cewa ruwa ya yi yawa. Masoya wasan suka mai da wannan abin ba'a na shekaru. Alhali a cikin rubutun an yi bayani mai ma'ana: kashin ƙarshe na wasan tafiyar teku ce mai tsawo, halittun ruwa iri ɗaya suna tare mutum a kai a kai, har abin ya gundure shi. Ana iya ƙin yarda da wannan, amma ƙorafi ne na wanda ya buga wasan da gaske. Akasarin masu dariyar makin kawai suka gani.

A Nuwamban 2022 aka sake gwada ƙarfin sharhi. Pokémon Scarlet da Violet suka fito a na'urar Switch ta Nintendo cike da matsaloli: hoto yana sarƙewa, mutanen cikin wasan suna nutsewa cikin ƙasa, wasan yana mutuwa ana tsakiyar yi. Makinsu a Metacritic ya tsaya a saba'in da 'yan kai, mafi ƙasa a jerin manyan wasannin Pokémon zuwa lokacin. Duk da haka an sayar da miliyan 10 cikin kwana uku. Sukar ba ta hana ciniki ba, amma ba ta tafi a banza ba, domin cikin makonni biyu Nintendo ta fito ta ba da haƙuri, ta saki gyara. Ba don an yi magana da babbar murya ba, da wuya kamfanin da ya kwashi irin wannan ciniki ya ce uffan.

Mai karatu da ke shirin saya wa kansa ko ɗansa irin wannan na'ura, sabuwa ko ta hannu, yana da abin da zai duba wanda mai sharhi a Tokyo ko Landan ba lallai ya damu da shi ba. Awa nawa cajin ke yi, tunda wuta ba kullum take zama ba? Wasan yana aiki ba tare da intanet ba, ko sai an yi ta zuba masa data? Akwai saye-saye a cikinsa da yaro zai iya latsawa? A jikin kwali akwai alamar shekarun da suka dace: a na Turai lamba ce, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, a na Amurka harafi ne, kuma harafin M na nufin 'yan shekara 17 zuwa sama. A karanta sharhi biyu ko uku har ƙarshe, musamman wanda ya ba da maki mafi ƙasa, a ga ko abin da ya dame shi zai dami mai saye. Sannan a duba wannan alamar kafin a miƙa kuɗi.